Babi na Bakwai: An Baro Gareji, Fitila Ta Kama

A ɗauki wata Camry ƙirar 2008, irin wadda ta ci ƙuruciyarta a titunan Amurka kafin jirgin ruwa ya sauke ta a Legas. Mai ita ya kai ta sabis ranar Asabar. Aka juye baƙin mai, aka sauya fulogai, aka sa sabon batir, aka kuma sauya wata tsohuwar sensa ta jikin salansa da aka ce ta gaji. Ya biya, ya koma gida yana jin motar ta yi sakayau. Ranar Laraba, a hanyarsa ta zuwa Zariya daga Kano, ya wuce Kwanar Dangora ke nan sai fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a dashbod, ta ƙi mutuwa.

Ya koma gareji ransa a ɓace. Aka sa motar a kwamfuta, lamba ta fito: P0420. Bakanike ya duba, ya kaɗa kai.

"Alhaji, indomi ce ta mutu. Ko dai a nemo wata, ko mu fasa ta mu zubar, mota ta huta."

"Haba Malam, lafiyarta ƙalau na kawo muku ita. Me kuka taɓa?"

Duk wanda ya saba zama a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ya sha jin irin wannan musayar. Mai mota cikin fushi ya yi tambayar, amma ita ce tambayar da ta dace. Bakaniken kuwa ya yi gaggawar yanke hukunci. Lambar P0420 ba ta ce indomi ta mutu ba. Abin da ta ce shi ne, an yi wani gwaji, sakamakon bai kai yadda ake so ba. Tsakanin waɗannan maganganu biyu akwai kuɗi masu kauri, kuma daga aljihun mai mota suke fita.

Abin da kanikawa ke kira indomi gwangwani ne na ƙarfe da ke zaune a kan bututun salansa, wani lokaci manne da manifol, wani lokaci a ƙarƙashin mota, a motoci da yawa ma biyu ne a jere. A cikinsa akwai dunƙulen tangaran mai dubban ramuka sirara, an shafe bangon kowane rami da ƙarafa masu tsadar gaske: filatinam, faladiyam da rodiyam. Duka-duka 'yan giram ne. Idan hayaƙi mai zafi ya ratsa ramukan, ƙarafan nan sai su sa gubobi uku su sauya hali. Iskar kabon monoksaid ta koma kabon dayoksaid, ragowar fetur da bai ƙone ba ya ƙarasa ƙonewa, naitirojin oksaid kuma ya rabu ya koma naitirojin ɗin da dama ya cika iskar da ake shaƙa. Ba ta fara aiki sai zafinta ya kai wajen digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ta ɗau zafi tana kawar da sama da kashi 90 cikin 100 na waɗannan gubobi. Ba matata ba ce da ke tare datti ta riƙe. Babu kuma wani abu mai motsi a cikinta da zai cinye.

Dabarar ta tsufa. Eugène Houdry, injiniya Bafaranshe da ya koma Amurka, ya mallaki haƙƙin ƙirarta tun shekarun 1950, lokacin da hazon hayaƙi ya addabi birnin Los Angeles. Sai dai fetur na wancan zamani cike yake da dalma, ita kuwa dalma kashe ƙarafan take nan da nan. Sai da Amurka ta yi dokar tsaftace iska ta 1970, aka fito da fetur marar dalma, sannan mafi yawan motocin 1975 suka zo da ita. John Mooney da Carl Keith na kamfanin Engelhard su ne suka jagoranci ƙera wadda ke maganin gubobin uku a lokaci guda, Volvo kuma ta haɗa ta da sensar oksijin ta Bosch a motocin da ta kai Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1970. Daga 1996 doka ta tilasta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da tsarin binciken kai na OBD-II, Turai ta bi sahu da motocin fetur a 2001. Shi ya sa soket ɗin nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari yake ba da lamba iri ɗaya, ko a Teksas aka jona shi ko a Maraɗi.

To, ta yaya ƙwaƙwalwar mota take sanin indomi na aiki? A nan gizo ke saƙar. Babu wata na'ura a jikin motar da ke auna guba a hayaƙi. Abin da take da shi sensa biyu ne masu jin oksijin, ɗaya kafin indomi, ɗaya bayanta. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1 a ma'aunin nauyi, ƙwaƙwalwar kuwa ba ta tsayawa cak a kan wannan awo, kaiwa da komowa take yi, yanzu mai ya ɗan yi yawa, yanzu ya ɗan yi kaɗan. A cikin shafen indomi akwai sinadarin siriyam da ke haɗiye oksijin idan ya yi yawa, ya sake shi idan ya yi ƙaranci. Kamar gidan da ke da tankin ruwa ne: ruwan famfon gwamnati ya zo ya ɗauke, ya zo ya ɗauke, amma a banɗaki ruwa na zuba ba yankewa. Ran da aka ga famfon cikin gida ya fara bin na waje, ya zo tare da shi ya ɗauke tare da shi, an san tanki ya daina ajiya. Sensar gaba ita ke ganin kaiwa da komowar. Ta baya ya kamata ta ga abu a natse. Idan ta fara kwaikwayon ta gaba, ƙwaƙwalwa sai ta ce indomi ta daina ajiye oksijin, ta rubuta P0420. A inji mai layin silinda biyu, kamar V6, ɗaya ɓangaren lambarsa P0430.

Ke nan hukuncin ya dogara ne da shaidar sensa biyu, da wayoyinsu, da lafiyar bututun da suke ɗaure a kai, da irin hayaƙin da inji ke turowa. Ɗaya daga cikin waɗannan ya karkace, lambar za ta fito ko da indomin ba ta da laifi.

Akwai kuma batun lokaci, wanda shi ne ya fi rikita masu mota. Me ya sa fitilar ba ta kama a gareji ba, sai bayan kwana huɗu? Idan aka cire batir, ko aka goge lambobi da kwamfuta, ƙwaƙwalwar tana mance sakamakon duk gwaje-gwajen da ta yi, ta fara daga farko. Gwajin indomi kuwa ba ko yaushe take yin sa ba. Sai inji ya yi zafi sosai, mota tana tafiya a miƙe da matsakaicin gudu na 'yan mintuna, ƙafa ba ta wasa da totur. Motar da rayuwarta ke tsakanin gida, makarantar yara da cunkoson Kantin Kwari tana iya yin makonni ba ta samu wannan damar ba. Ko an yi gwajin an faɗi, ba a kunna fitila a karon farko. Ana ajiye lambar a matsayin mai jiran tabbaci, sai an sake faɗuwa a wata tafiyar sannan fitila ta kama. Don haka mai Camry ɗin nan, wataƙila tun ranar Litinin motarsa ta faɗi gwajin farko a kan baifas bai sani ba, hanyar Zariya ta biyu ce.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, gyara na gaskiya ma yana iya tono wannan lamba. Idan akwai lambar matsalar sensa ko ta inji mai tsallake wuta, ƙwaƙwalwa dakatar da gwajin indomi take yi, tunda ba za ta yarda da shaidar da ta san gurguwa ce ba. Ana gyara waccan matsala sai gwajin ya dawo, indomin da ta daɗe da rauni ta bayyana. Haka nan tsohuwar sensar baya da ta yi nauyin jiki, ba ta motsawa da sauri, sai ta riƙa nuna layi a kwance kamar komai lafiya. Sabuwa mai kaifi tana hawa sai ta faɗi abin da ke nan. A irin wannan hali bakanike bai ɓata komai ba, aikinsa ne ya yi kyau. Masu mota da yawa sun ci mutuncin kanikawa a kan wannan ba da haƙƙi ba.

Amma sau da yawa hannu ne ya taɓa wani abu, kuma nan ya kamata a fara dubawa domin nan ne gyara ya fi araha. Wanda ya fi yawa shi ne yoyon salansa. Duk aikin da ya sa aka kwance bututun ko aka ɗaga inji, sauke giyabos ne, sauya kulochi ne, ko sauya robar da inji ke zaune a kai, yana iya barin kafa. A mayar da tsohon gasket da ya riga ya lotse, ko a bar noti ɗaya bai ɗauru ba, ko kuma lanƙwasasshen bututun nan mai saƙar waya ya tsage wajen ɗagawa. Mutum zai ce ai rami hayaƙi zai fitar, me ya haɗa shi da sensa? Hayaƙi ba a miƙe yake fita ba, bugawa yake yi, kuma tsakanin bugu da bugu matsin cikin bututu yana faɗuwa har ramin ya zuƙo iskar waje. Sensar da ke kusa sai ta ji oksijin ɗin da bai fito daga inji ba, ta kai rahoton ƙarya.

Gano shi ba ya buƙatar kwamfuta. Da safe, inji da sanyinsa, a tayar a saurara: ana jin wani tas-tas-tas da ke raguwa idan ƙarfe ya yi zafi ya buɗe. A leƙa mahaɗun bututun a nemi tabon baƙin hayaƙi. Yaron gareji ya danne bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, maigidansa ya shafa ruwan sabulu a mahaɗun tun ba su yi zafi ba, inda ke yoyo zai yi kumfa. A fili ake yin wannan, ba a cikin rufaffen shago ba.

Na biyu, ita kanta sensar da aka sa. A ido duk kamarsu ɗaya, zaren ɗaurinsu ɗaya, da yawa wayoyinsu huɗu ne, amma ba aikinsu ɗaya ba. Tsohuwar ƙira wutarta tana lilo ne tsakanin volt 0.1 da 0.9. Motocin Toyota da Honda da yawa na shekarun 2000 kuwa wata iri ce a gaba, mai auna ainihin yawan iska da mai, wadda a Toyota kwamfuta ke nuna ta a wajen volt 3.3. A ɗaura waccan a gurbin wannan, ko ta gaba a gurbin ta baya, lissafi ya rushe. Mai shago zai ce "duk ɗaya ne, Oga, tana shiga." Shiga daban, aiki daban. Lambar da ke jikin tsohuwar ita ce abin bi, kuma Denso ko NTK ko Bosch ta Beljiyam, wato ta hannu, mai lamba daidai ta fi sabuwa marar suna a kwali mai ƙyalli. A injin V6 ana iya musanya soket ɗin dama da na hagu wajen mayarwa. Sai kuma wayar da aka yanke aka murɗa aka naɗe da salatif, da wadda aka bari tana lilo har ta taɓa salansa ta narke, da soket ɗin da ruwa ya shige shi wajen wankin inji.

Rewaya (mai gyaran wutar mota) da ya san aikinsa ana gane shi tun daga abin da ya fara yi: ba ya goge lambar. Yana jona na'urarsa, ko da ɗan ƙaramin ELM327 ne da wayar hannu, sai ya fara buɗe bayanan da ƙwaƙwalwa ta adana a daidai lokacin da ta kama laifin, gudun mota nawa, zafin ruwa nawa, juyin inji nawa. Sai ya duba ko P0420 tana da abokan tafiya. Idan akwai P0300 ko 'yan uwanta, inji na tsallake wuta. P0171 na nufin iska ta yi yawa, P0172 mai ya yi yawa, P0128 inji ba ya kaiwa zafin da ya kamata, daga P0136 zuwa P0141 kuwa ƙorafi ne a kan sensar baya ita kanta. Duk wanda ya samu a cikinsu, shi zai fara gyarawa, ya bar maganar indomi tukuna. Sai ya dubi yawan gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa awon mai. Idan tana ƙarawa ko ragewa fiye da kashi 10 cikin 100, akwai abin da ke damun injin, wataƙila wata robar iska ce aka mance ba a mayar ba bayan an sauya fulogai, ko matatar iska ba ta zauna daidai ba.

Daga nan sai ya bar inji ya yi zafi, ya sa yaro ya riƙe totur a juyi 2,500 a minti, shi kuma ya zuba wa layin sensar baya ido. Indomi mai lafiya, layin zai kwanta a wajen volt 0.6 zuwa 0.7, yana ɗan motsi a hankali. Idan yana hawa da sauka da sauri daga ƙasa zuwa sama, ajiya ta ƙare, ko kuma akwai yoyo. Don ya tabbatar sensar tana da rai, sai ya ce a taka totur da ƙarfi a saki: ya kamata layin ya haura sama da 0.8, sannan ya faɗo ƙasa lokacin da ƙwaƙwalwa ta yanke mai. Sensar da ta yi haka ba ta da laifi, sauya ta asarar kuɗi ce. Na'urori da yawa suna iya buɗe sashen da ake kira Mode 6, inda ake ganin makin da indomi ta ci a gwaji da kuma makin da ake buƙata. Wadda ta faɗi da ƙiris daban take da wadda ba ta ko kusa ba. Duk wannan aikin bai fi na awa guda ba.

Wasu suna auna zafin gaban indomi da bayanta da bindigar auna zafi, irin wadda aka saba gani lokacin korona, su ce idan baya bai fi gaba zafi ba ta mutu. Gwajin yana ba da haske, amma ba abin yanke hukunci ba ne, domin inji mai lafiya da ke tsaye ba ya turo ragowar man da za ta ƙona har bambancin ya fito sosai.

Kada kuma a haɗa rauni da toshewa. P0420 ba ta hana mota gudu. Indomin da ta narke ta toshe ita ce ke sa mota ta kasa hawa gada, a taka totur ta yi gurnani ba ta tafiya, inji ya riƙa zafi. Wannan ana gane ta ne idan aka kwance sensar gaba aka ɗaura ma'aunin matsi a ramin, ko aka zura ƙaramar kyamara aka ga tangaran ɗin da ido. Wadda ta farfashe kuwa, a ɗan buge ta da gudumar roba za a ji tana kaca-kaca.

A ce an bi duk wannan, ba yoyo, sensa lafiya, an tabbatar indomin ce. Saura tambayar da aka fi tsallakewa: me ya kashe ta? Dokar Amurka ta tilasta wa masu ƙera mota su ba da garantin shekara 8 ko mil 80,000 a kanta, kuma da yawa suna ninka haka idan inji na da lafiya. Tsufa na rage mata ƙarfi, gaskiya ne. Amma wadda ta mutu farat ɗaya bayan sabis, akwai dalili.

Babban makashinta ɗanyen fetur ne. Fulogin jabu, ko wanda ba na motar ba, ko kwayil da ba a danna ya zauna ba, sai silinda ɗaya ta riƙa tsallake wuta, man da bai ƙone ba ya gangara ya kama da wuta a cikin indomi. Zafin yana iya narkar da tangaran a tafiya ɗaya. Wannan ne ya sa aka tsara fitilar ta riƙa ƙiftawa a irin wannan hali maimakon ta tsaya cak. Fitila mai ƙiftawa ba ta jiran gobe, a sassauta, a samu wuri a tsaya. Sai baƙin mai. A cikinsa akwai sinadarin fosfaras da ke kare ƙarafan inji daga cinyewa, amma idan ya bi hayaƙi sai ya lulluɓe shafen indomi, kuma ba ya fita. Yaron da ya zuba mai ya wuce layin sama na ma'auni ya taimaka wa wannan. Injin da ringinsa ya gaji shi ma haka. Injin 2AZ-FE mai lita 2.4 da ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009 ya yi suna wajen shan baƙin mai, har Toyota da kanta ta amince, ta riƙa sauya fistin da ringi ga masu motocin a Amurka idan shan ya wuce kusan lita ɗaya a mil 1,200. Da yawa daga cikin waɗanda suka iso nan ba su samu wannan gyaran ba. Duk indomin da aka ɗaura wa irin wannan inji, kwananta ƙidayayyu ne.

Ruwan lagireto da ke shiga silinda ta gasket ɗin tof da ya ƙone shi ma guba ne gare ta. Haka gam ɗin silikon da ake lafta wa murfin inji a madadin gasket: wanda ba a rubuta cewa bai cutar da sensa ba, tururinsa na bin inji ya shafe sensa da indomi da farin ƙura. Akwai kuma al'adar nan da ta zama ruwan dare a garejojinmu, ta cire tamostat a haɗa fanka dairek da sunan ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kaiwa zafinsa, ƙwaƙwalwa ɗauka take har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara masa mai. Mai mota ya yi asara a gidan mai, indomi kuma ta sha wahala a banza.

Fetur ma yana da nasa kason. Dalma dai ta zama tarihi: ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma daga farkon 2006, Aljeriya ta rufe ƙofa a duniya baki ɗaya a 2021. Farar wuta ce ta rage. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa yadda 'yan kasuwa ke kawo wa Afirka ta Yamma mai da farar wutarsa ta ninka abin da Turai ta yarda da shi sau ɗaruruwa. Turai ta tsaya a kashi 10 cikin miliyan, ECOWAS kuma ta amince da 50 a 2020. Sauƙin abin shi ne, farar wuta ba ta kashe indomi har abada, danne ta take yi, wani lokaci da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Indomin da ta faɗi gwaji da ƙiris bayan an sha man 'yan bumburutu tana iya farfaɗowa idan aka cika tanki da mai mai kyau aka yi doguwar tafiya ta ɗau zafi sosai. Idan tafiya uku a jere suka wuce gwajin, fitilar da kanta za ta mutu. Magungunan kwalba da ake zubawa a tanki iyakarsu ke nan su ma, ba sa ta da wadda ta narke ko wadda fosfaras ya rufe.

Akwai maganar da ba daɗin faɗa, amma dole a faɗa. Wani lokaci fitila na kamawa bayan sabis ne saboda indomin ba ta nan. A watan Maris na 2021 farashin rodiyam, wanda mafi yawansa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi, ya haura dala 29,000 kowane oza, satar indomi ta yi ƙamari daga Landan har Los Angeles, kuma masu sayen ta a buhu suna nan a kasuwanninmu. Ana yanka gwangwanin, a zazzage cikin, a mayar a yi walda. Alamunta sabuwar walda a inda kamfani bai yi ba, ƙarar salansa da ta sauya, warin hayaƙi mai yaji, da gwangwanin da ke amsawa fayau idan an ƙwanƙwasa. Sai dai kafin a zargi kowa a tuna motar ta bi ta hannu da yawa, daga wurin gwanjo a can, zuwa tashar jirgin ruwa, zuwa dila. Mai saye da ke son kare kansa ya sa a duba masa ko gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa sun kammala. Motar da aka ce ba ta da lamba ko ɗaya, amma gwajin indomi na nuna bai kammala ba, kwanan nan aka goge ta.

Shawarar a fasa a zubar kuwa, shawara ce marar kyau, ko da bakanike da zuciya ɗaya ya ba da ita. Indomin da ba ta toshe ba, cire ta ba ya ƙara wa mota wani ƙarfin a zo a gani. A motoci da yawa ƙwaƙwalwa tana amfani da sensar baya wajen daidaita awon mai, sai a bar ta tana aiki da bayanin banza. Fitila kuma za ta zauna a kunne har abada, ran da kwayil ya mutu ko mai ya fara kwarara, ba wanda zai lura, tunda ido ya saba. Ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a janye sensar daga hanyar hayaƙi yana kashe fitila, amma hayaƙin na nan yadda yake. Shi kuwa wannan hayaƙi ba mai mota ne ke fara shaƙarsa ba. Yarinya mai tallan gyaɗa a danja, almajirin da ke bin gilasai, ɗan acaɓan da ke baya a cunkoso, su ne hancinsu ke kusa da bakin salansa. Kabon monoksaid ba shi da launi, ba shi da wari, kuma motar da aka bari tana aiki a rufaffen gareji da safe tana tura shi cikin ɗakunan da yara ke barci.

Wanda zai sauya, ya fara gyara abin da ya kashe ta farko, sannan ya buɗe bonet ya karanta takardar da ke manne a ciki. Motar da aka ƙera bisa ƙa'idar Kalifoniya gwajinta ya fi tsauri, indomi mai araha da aka tsuke wa ƙarafa ba za ta gamsar da ita ba, bayan 'yan watanni lambar ta dawo. Ta Beljiyam ta asali, idan an haska tocila an ga ramukanta a buɗe, ba tsagewa, ba narkewa, ba farin toka, sau da yawa ta fi mai arahar. A wasu motocin ma kamfani ya fitar da sabon tsarin ƙwaƙwalwa saboda na farkon yana saurin kama laifi, don haka yana da kyau a bincika da lambar shasi.

Wanda kuma aljihu bai ba shi dama ba yanzu, idan fitilar a tsaye take ba ƙiftawa, mota na jan ta yadda ta saba, ba ta zafi, yana iya ci gaba da hawa har ya tara kuɗin. Indomi mai rauni tana rage wani abu, ta fi gwangwani fanko. Sharaɗin shi ne ya riƙa sa motar a kwamfuta lokaci-lokaci, ko duk sabis, don a ga ko wata lambar ta ɓuya a bayan wannan. Bayan kowane gyara kuma, mutuwar fitila a bakin gareji ba ta tabbatar da komai, tunda gogewa aka yi. Sai an hau babban titi sau biyu ko uku, an dawo an jona na'ura, an ga gwajin indomi ya nuna ya kammala kuma babu lamba mai jiran tabbaci, sannan a ƙarasa biyan kuɗin aiki.